MATSIN INJIN FESHI: YADDA AKE AUNA SHI DA YADDA AKE GYARA SHI



Wannan takarda a kan ɗan injin nan ne da ke manne a gindin tankin feshi na goyo, wanda ake zuba wa fetur gauraye da baƙin mai. Irinsa ne kuma a cikin waɗansu ƙananan famfunan ruwa da tsofaffin babura masu hayaƙi. Sunansa inji mai bugu biyu. Magana guda nake so ku riƙe: kada kowa ya ƙara wa injinsa matsi, ko ya rage, sai ya auna ya yi lissafi tukuna. Lissafin ba shi da wuya. Ni da ke rubutun nan firamare kaɗai na gama, kuma ina yinsa a bakin gona da fensir da ƴar takarda.

ABIN DA YA FARU DA MU

A wata kaka da ta wuce, cikin watan Oktoba, injin feshin da gida biyar ke amfani da shi a ƙauyenmu ya fara sanyi. Yana tashi da ƙyar, kuma iskar da yake hurawa ba ta ɗaga ganye. Muka kai shi wurin wani makanike. Ya ce matsi ne ya ragu, maganinsa a cire takardar da ke ƙarƙashin silinda a liƙe wurin da gam. Ina tsaye, na ce to, gama a lokacin ban san komai ba. Kwana biyu inji yana kuka kamar sabo, kowa yana murna. A rana ta uku ya fara ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, ya yi zafi, ya tsaya cik. Da aka buɗe, sai ga kan fistan ya ƙone ta gefen ƙofar hayaƙi.

Kwana goma sha biyu muka yi muna jiran sabon fistan. A cikin kwanakin nan farin ƙuda ya cika gonakin gida biyar ɗin. Abin takaici, da muka duba da kyau, ciwon injin tun farko ringi ne da ya cinye, da gawayin da ya toshe rabin ƙofar hayaƙi. Garin neman ƙiba muka samo rama. Daga ranar na ɗaura niyyar koyon wannan awo, kuma abin da na koya shi ne zan gaya muku.

INA RUWAN AUDUGA DA ƘARFIN INJI?

Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka fara ban ruwan Jazira, ƙwari suke tare da audugarmu. A 1945 aka fara feshin maganin DDT saboda jasid, daga baya aikin ya koma hannun jiragen sama. A zamanin Hukumar Jazira, wadda ta karɓi aikin a 1950 da hedkwatarta a Barakat, manomi ba ya sayen injin feshi, jirgi ne ke zuwa a rubuta kuɗin a kan lissafin auduga. A ƙarshen shekarun 1970 farin ƙuda ya yi yawa ƙwarai, audugar Sudan ta yi suna da danƙo a kasuwannin duniya, darajarta ta faɗi.

Dokar Jazira ta 2005 ta ba manomi ikon zaɓen abin da zai shuka, nauyin aiki da yawa kuma ya dawo kansa. A 2012 aka shigo da irin audugar nan mai kashe tsutsa da kanta. Amma wannan iri ba ya kashe ƙwari masu tsotso, watau jasid da farin ƙuda da ɗarɓa mai kawo asala. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu 2023 ya iso Wad Madani a Disamba na wannan shekara, kayan gyara suka yi wuya suka yi tsada. Saboda haka ɗan injin da ke hannunka, daga Manaƙil har Mai Wurno da Sinja, abin tattali ne.

Ƙwari masu tsotso a ƙarƙashin ganye suke zama. Fankar injin feshi a jikin sandar inji take, in inji ya yi sanyi ita ma ta yi sanyi. In iska ba ta da ƙarfi ba za ta farfasa magani ya zama hazo ba, ba kuwa za ta juya ganye ba. Sai magani ya sauka manya manyan ɗigo a bayan ganye, ya zuba ƙasa. Ka biya kuɗin magani, ka sha rana, ƙwaro yana nan a inuwarsa.

YADDA INJIN KE AIKI

Wani mutumin Sikotlan mai suna Dugald Clerk ne ya yi rajistar inji mai bugu biyu a 1881. Bayansa da kamar shekara goma wani Bature a Ingila, Joseph Day, ya fito da irin wanda muke amfani da shi, marar bawul.

A cikin silinda akwai fistan, wanda makanikan nan ke ce wa bistim. Yana hawa yana sauka. A jikinsa akwai ringi, watau shanbar, mai hana iska zurarewa ta gefe. A bangon silinda akwai ƙofofi: ƙofar hayaƙi, da ƙofofin da mai da iska ke shigowa. Fistan da kansa ne ƙyauren waɗannan ƙofofi.

In fistan ya hau, yakan rufe ƙofofi, ya matse mai da iska a ɗan wurin da ya rage a sama. Wannan wuri shi ne ɗakin wuta. Fulogi ya ba da tartsatsi, wuta ta kama, ta tura fistan ƙasa. Yana sauka ya buɗe ƙofar hayaƙi, hayaƙi ya fita, sabon mai ya shigo. Hawa ɗaya, sauka ɗaya, wuta ɗaya. Shi ya sa ake ce masa mai bugu biyu. Injin mota sai ya yi bugu huɗu kafin wuta ɗaya.

Ku lura da wannan: sa'ad da fistan ya fara hawa daga ƙasa, ƙofar hayaƙi a buɗe take. Ba a matsa komai, kamar mai hura salka mai huji. Matsi na gaskiya ba ya farawa sai kan fistan ya rufe leɓen sama na ƙofar hayaƙi.

MENE NE NINKIN MATSI?

Ku tuna da ɗura auduga a buhu. In audugar da ta cika buhu shida aka tattake ta har ta shiga buhu ɗaya, an matse ta ninki shida. Haka yake a inji. In iska da mai masu cika wuri shida aka matse su a wuri ɗaya, sai a ce ninkin matsi 6 ne, a littafin inji kuma a rubuta 6:1.

Da ƙaruwar matsi wuta takan ƙara ƙarfi, amma zafi ma yakan ƙaru. In ya wuce abin da fetur zai iya ɗauka, sai ragowar man da ke gefen ɗakin wuta ya fashe da kansa, ba ya jiran wutar fulogi ta iso gare shi. Wannan fashewa ita ce ƙarar tsakuwa da muka ji. Tana dukan fistan kamar guduma, tana ƙona shi.

Ana lissafin ninkin matsi iri biyu:

Na farko, lissafin dukan tafiya. Ana ƙirga tafiyar fistan duka, daga ƙasa har sama. Masu ƙera inji na Turai sun fi amfani da shi.

Na biyu, lissafin rufaffen matsi. Ana ƙirgawa daga inda ƙofar hayaƙi ta rufe kaɗai. Kamfanonin Japan, irin su Yamaha da Suzuki, shi suka saba rubutawa.

Inji ɗaya yakan ba da lamba biyu dabam, ta farko babba, ta biyu ƙarama. Saboda haka in wani ya ce maka matsin injinsa 9 ne, naka 6, tambaye shi da wane lissafi. Mai yiwuwa injinku iri ɗaya ne. Ga inji mai sanyaya da iska, mai aiki da fetur na kasuwa, rufaffen matsi tsakanin 6 da 7 ya isa. In kana da littafin injinka, abin da ya faɗa shi ne gaba.

KAYAN DA AKE BUKATA

Sirinji sabo mai ɗaukar si-si 10. Si-si da mililita abu ɗaya ne, si-si 1000 ke cika lita. Sai ɗan baƙin mai na gauraya, da giris kaɗan, da tsinken ƙarfe miƙaƙƙe, da rula mai milimita, da igiyar dalma irin ta masu gyaran rediyo. In ka samu aron ma'aunin nan mai baki biyu da makanikai ke auna kauri da shi, ya fi kyau.

Kafin ka taɓa inji, juye maganin da ke tanki, ka wanke tankin da ruwa sau uku nesa da tur'a da wurin shan dabbobi. Sa safar hannu. Juye fetur. Cire hular fulogi. Bari inji ya huce sarai. Kada a sha taba a wurin, kada yara su matso.

AWO NA FARKO: FAƊIN SILINDA DA TAFIYAR FISTAN

Sau da yawa an rubuta su a littafi ko a jikin inji. Injunan ƙasar Sin da yawa suna da lamba irin wannan: 1E40F. Lamba 1 tana nufin silinda ɗaya, E bugu biyu, 40 faɗin silinda milimita 40, F kuma iska ke sanyaya shi. Za mu yi misali da inji mai faɗin milimita 40 da tafiyar milimita 33.

Mai da milimita santimita: 40 ya zama 4, 33 ya zama 3.3.

Filin kan fistan: faɗi sau faɗi sau 0.7854. Watau 4 sau 4, 16. Sa'an nan 16 sau 0.7854, ya ba da 12.57. Rubuta wannan lamba ka ajiye, za ta yi ta dawowa.

Cikin tafiya duka: 12.57 sau 3.3, ya ba da si-si 41.5. Shi ne girman injin da ake faɗa a kasuwa.

AWO NA BIYU: DAGA RUFEWAR ƘOFA ZUWA ƘOLOLUWA

1. Cire salansa da fulogi, ka leƙa ta ƙofar hayaƙi.

2. Juya inji da hannu sannu sannu har kan fistan ya taɓa leɓen sama na ƙofar, haske ya ɗauke. Tsaya nan.

3. Zura tsinke ta ramin fulogi har ya taɓa kan fistan. Yi masa alama daidai bakin rami.

4. Ci gaba da juyawa har fistan ya kai ƙololuwa, inda tsinke ya daina hawa. Yi alama ta biyu.

5. Auna tsakanin alamun biyu.

Riƙe tsinken a miƙe bisa hanyar da fistan ke bi. In ramin fulogin a karkace yake, awon zai fi gaskiya tsawo kaɗan, sai ka bari ran da aka cire silinda ka sāke aunawa daga ciki.

A ce mun samu milimita 23, watau santimita 2.3. To, 12.57 sau 2.3 ya ba da si-si 28.9. Wannan shi ne abin da fistan ke matsewa da gaske.

AWO NA UKU: ƊAKIN WUTA

Wannan awo shi ne mai bukatar natsuwa, gama ɗakin ƙarami ne, kuskure kaɗan yakan ɓata lissafi duka.

1. In an riga an cire silinda, shafa giris siriri a gefen fistan bisa ringin sama don kada mai ya zurare, ka share wanda ya hau kan fistan, ka mayar da silinda da gaskit ɗinta, ka ɗaure. In ba a cire ba, yi amfani da mai mai kauri ka yi sauri.

2. Kai fistan ƙololuwa. Sa wani ya riƙe kada ya motsa.

3. Jingine inji yadda ramin fulogi zai dubi sama sosai, don kada iska ta maƙale a ciki.

4. Ɗebi mai si-si 10 cif a sirinji. Ɗiga shi a hankali har ya taɓa zaren farko na ƙasan ramin fulogi.

5. Duba abin da ya rage a sirinji, ka ɗebe daga 10. In saura 4.5, ɗakin ya sha 5.5.

6. Kifar da inji man ya fita. Yi awon sau uku, ka ɗauki na tsakiya.

Bayan ka gama, ja igiya sau da yawa ba fulogi, don ragowar mai ya fita. Kada ka mayar da fulogi ka ja igiya da mai cike a ɗakin wuta, mai ba ya matsuwa, yana iya lanƙwasa sandar fistan.

LISSAFI

Ƙa'idar guda ce. Haɗa abin da aka matse da ɗakin wuta, sa'an nan ka raba da ɗakin wuta.

Dukan tafiya: 41.5 a tara da 5.5, 47. A raba 47 da 5.5, ya ba da 8.5.

Rufaffen matsi: 28.9 a tara da 5.5, 34.4. A raba 34.4 da 5.5, ya ba da 6.25.

Kun gani? Inji ɗaya ne, ga 8.5 ga 6.25. Wannan inji lafiyarsa lau, ba ya bukatar a taɓa shi.

ABUBUWAN DA KE CANZA MATSI

Gawayi. Baƙin man da ke ƙonewa tare da fetur yakan bar gawayi a kan fistan da rufin ɗakin wuta. In gawayi ya ci si-si 1, ɗakin ya koma 4.5. Lissafa: 28.9 da 4.5, 33.4. A raba da 4.5, ya ba da 7.4. Ba wanda ya taɓa inji, amma matsi ya tashi daga 6.25 zuwa 7.4. Har wa yau gawayi yakan yi ja kamar garwashi ya kunna mai kafin lokaci.

Gaskit. Ita ce takardar nan mai ƙarfi da ake sawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe. A yawancin injunan feshi kan silinda da jikinta a haɗe suke, ƙarfe ɗaya, don haka gaskit ta ƙasa kaɗai gare su. In ta yi kauri, silinda ta ɗaga, ɗakin wuta ya ƙaru. In ta yi siriri, ɗakin ya ragu. A injin misalinmu kowane rabin milimita si-si 0.63 ne, watau 12.57 sau 0.05. Kuma tun da ƙofar hayaƙi a jikin silinda take, ita ma tana hawa ko sauka tare da ita.

In aka ƙara rabin milimita: ɗaki 6.13, tafiyar matsi milimita 22.5, ninki 5.6. Inji zai yi sanyi.

In aka cire rabin milimita: ɗaki 4.87, tafiyar matsi milimita 23.5, ninki 7.1. An kai bakin iyaka.

In aka cire rabin milimita alhali ga gawayin si-si 1 a ciki: ɗaki 3.87, ninki 8.6. Irin wannan ne ya kashe injinmu.

Ku duba ƙanƙantar rabin milimita, kaurin takardar rubutu biyar ne kawai. Saboda haka mai yanka gaskit daga kwalin shayi ba tare da awo ba yana canza matsin injinsa bai sani ba.

MATSIN AGOGO BA SHI NE NINKIN MATSI BA

Makanikai suna da agogon da ake ɗaurawa a ramin fulogi a ja igiya, allura ta nuna ƙarfin iska. Ƙaramin inji mai lafiya yawanci yakan nuna bar 8 zuwa 10. In ya sauka ƙasa da 6, tashi yakan yi wuya. Amma agogon nan yoyo yake nunawa. In ringi ya cinye, iska tana zurarewa ta gefe, allura ta faɗi, alhali girman ɗakin wuta bai canza ba ko kaɗan. Ɗiga ɗan mai a ramin fulogi ka sāke gwadawa. In allura ta hau sosai, ringi ne. Maganin tulu mai yoyo liƙi ne. Wanda ya rage ɗakin wuta don ringi ya cinye ya bar ciwo yana nan, ya daɗa wani a kai.

ALAMOMI

In matsi ya yi yawa: ƙarar tsakuwa in an buɗe wuta, zafi fiye da kima, igiya tana fizgar hannu, bakin fulogi fari fat ko da ɗigo ɗigon ƙarfe masu ƙyalli, wani lokaci inji ya ci gaba da bugawa bayan an kashe shi. Da jin ƙarar nan, kashe inji nan take. Kada ka ce bari in ƙarasa wannan layi.

In matsi ya yi kaɗan: igiya tana zuwa ba nauyi, tashi da wuya, ba ƙarfi, mai yana ƙarewa da sauri.

KAFIN A TAƁA GASKIT

Inji goma masu sanyi, da wuya ka sami ɗaya wanda ninkin matsinsa ne matsala. Bi waɗannan da farko:

1. Matatar iska. Ƙurar baƙar ƙasar Jazira da ta habub takan toshe ta. Wanke soson da sabulu, ya bushe sarai. Kada ka yi aiki ba matata, ƙura ita ke cin ringi.

2. Ƙofar hayaƙi da salansa. Kai fistan ya rufe ƙofar don kada ɓarɓashi ya faɗa ciki, ka kankare gawayi da guntun itace mai ƙarfi. Kada ka sa ƙarfe, zai karce fistan.

3. Fulogi. Goge shi, ka daidaita bakinsa yadda littafi ya ce.

4. Haƙarƙarin silinda. Cire laka da zaren auduga da suka maƙale, ta nan zafi ke fita.

5. Ringi. Cire shi, ka sa shi shi kaɗai a cikin silinda a daidaice, ka dubi tazarar bakinsa. Sabo tazararsa ƴar kaɗan ce, kamar takarda biyu ko uku. In ta kai milimita ɗaya, ya ƙare, sayi sabo.

In an gama waɗannan duka, sa'an nan a yi awo ukun nan.

YADDA AKE GYARAWA

In lissafi ya nuna rufaffen matsi ya wuce 7 bayan an kankare gawayi, sa gaskit mai ɗan kauri. In ya kasa 6, sa mai ɗan siriri. Ga yadda za ka san ko nawa:

Ɗebe 1 daga ninkin da kake so, ka raba abin da aka matse da abin da ya rage. A ce kana son 6.5. Ɗebe 1, saura 5.5. Raba 28.9 da 5.5, ya ba da 5.25. Ɗakin da kake bukata ke nan. Ɗakinka 5.5 ne, bambanci 0.25. Raba 0.25 da 12.57, ya ba da santimita 0.02, watau milimita 0.2. Kaurin takarda biyu kawai za a rage.

A injin da kansa ke cirewa dabam, irin na babur, gara a yi gyaran a gaskit ta sama, domin ba ta motsa ƙofofi. Waɗansu sukan goge kan silinda a kan takardar yashi bisa gilashi. Ban ba ku shawarar wannan ba. Gaskit ana canza ta gobe, amma ƙarfen da aka goge ba ya dawowa.

Duk lokacin da aka rage kauri, tilas a auna tazarar da ke tsakanin gefen kan fistan da rufin silinda. Lanƙwasa igiyar dalma, ka zura ta ramin fulogi har bakinta ya taɓa bangon silinda, daidai bisa ƙusar da ta riƙe fistan. Juya inji da hannu ya wuce ƙololuwa sau ɗaya. Fistan zai latse dalmar. Zaro ta ka auna inda ta latse. A ƙaramin inji kada ta kasa rabin milimita. In inji ya yi zafi yana gudu, ƙarfe yakan miƙe, in tazarar ba ta isa ba fistan ya daki rufi.

Kada a bar gindin silinda ba gaskit. In iska ta sami hanya ta nan, man da ke shiga zai yi kaɗan, inji ya yi ta gudu shi kaɗai, ya yi zafi, fistan ya kama. Ɗaure kusoshi a gicciye, kaɗan kaɗan, kada ka gama ɗaya kafin ka taɓa sauran. Bayan gyara sāke auna ɗakin wuta. Tā da inji, ya yi minti goma a hankali, ka fesa ruwa zalla tanki ɗaya kana saurare, sa'an nan ka cire fulogi. In bakinsa ruwan ƙasa ne kamar shayi da madara, aiki ya yi.

ZAFI DA FETUR

Matsin da inji zai ɗauka a ƙasa mai sanyi ba lalle ya ɗauka a nan ba. A watan Oktoba, tsakiyar lokacin feshi, zafin rana a Wad Madani yakan kusa 40. Banzin ɗin kwalba kuwa ba ka san abin da ke ciki ba. In an haɗa shi da kananzir ko gas, yakan fashe da wuri. Saboda haka a wurinmu gara matsi ya zauna kusa da 6 da ya kusa 7. Ƙarfin da za ka rasa kaɗan ne, injin kuwa zai daɗe.

Gauraya mai bisa ƙa'idar injinka. In an rubuta 25:1, baƙin mai si-si 40 ke nan a lita ɗaya. In 50:1 ne, si-si 20. Auna da sirinji, kada ka auna da ido. Sa man da aka yi don inji mai bugu biyu. Man mota, balle wanda aka juye daga tarakta, shi ne uban gawayi. Yi feshi da sassafe ko da yamma, ya fi wa inji, ya fi wa magani, ya fi maka.

Shawarata ta ƙarshe ita ce a yi wannan awo tun inji yana sabo, ko kuwa a watan Yuni kafin shuka, lokacin da ba gaggawa. Rubuta lambobi huɗu a takarda: filin kan fistan, tafiyar matsi, ɗakin wuta, da kaurin dalma. Ninke ta ka ajiye tare da takardun hawasha. Ran da inji ya yi ciwo, ka je wurin makanike da takardarka a hannu, ku yi magana da lamba. Wanda lissafin ya yi masa nauyi ya kira ɗansa ɗan makaranta, ko ya tare ni ran da na zo duba gonakinku, mu auna tare. Sirinji da dalma suna cikin jakata kullum.

Allah ya ba mu auduga mai albarka, amin.